Ƙafa 500: Tarihin Haɗarin Ƙananan Jiragen Sama Kusa da Ƙasa

A cikin dokokin zirga-zirgar jiragen sama waɗanda kusan dukkan ƙasashen duniya suka amince da su, har da Nijeriya da Nijar, akwai wata 'yar gajeruwa da akan koya wa ɗalibin tuƙi tun a makonninsa na farko. Dokar ta ce, in ba wajen tashi ko sauka ba, kada matuƙi ya yi ƙasa da ƙafa 500, watau mita 150, daga doron ƙasa ko fuskar ruwa. In kuwa bisa gari yake, ko bisa taron jama'a, to, sai ya bar ƙafa 1,000 tsakaninsa da abin da ya fi kome tsawo a kewayen mita 600. Wanda ya karanta wannan a takarda zai zaci lissafin ofis ne, irin wanda ma'aikata kan zauna su tsara a inuwa. Alhali kuwa sai da aka binne mutane da yawa kafin a rubuta shi.

Makasudin wannan lacca shi ne bin tarihin haɗarin da ya haifi dokar, watau faɗuwar ƙaramin jirgi mai lafiyayyen inji, a rana mai haske, saboda kuskuren mai riƙe da sandar tuƙi sa'ad da yake tafiya ƙasa-ƙasa. Cikin shekara fiye da 100 jirgi ya sake kama sau da yawa, daga itace da ƙyalle zuwa ƙarfe, daga ƙarfe zuwa kayan zamani masu kwamfuta. Amma wannan haɗari yana nan yadda yake, domin ba a cikin inji yake farawa ba. Yakan fara ne daga sa'ad da hankalin matuƙi ya bar fiffikensa ya koma kan wani abu, ko wani mutum, a ƙasa.

Zamanin 'Yan Kallo

Ran 17 ga Disamba, 1903, Orville Wright ya tashi a Kitty Hawk ta Amurka, ya yi sakan 12 a sama. Mutum na farko da ya mutu a jirgi mai inji, Laftana Thomas Selfridge, a shekarar 1908 ne ya mutu, kuma farfela ce ta tsage, ba laifin matuƙi ba. Haka yawancin haɗarin shekarun farko yake: waya ta tsinke, fiffike ya karye, inji ya mutu. Sai dai daga 1910 wani sabon abu ya shigo. Jirgi bai fara ɗaukar kaya ko fasinja ba tukuna, don haka hanyar samun kuɗi da shi ita ce a tara jama'a a filin sukuwa su biya su yi kallo. Mai kallo kuwa bai biya kuɗinsa don ya ga wani ɗigo can cikin gajimare ba. So yake ya ji rurin inji a kansa, ya ga fuskar matuƙi, ya ga jirgi ya kawo sura kamar shirwa sa'an nan ya ɗaga a kan ƙurarren lokaci. Wanda ya fi kusantar ƙasa shi ya fi suna, shi kuma ya fi kuɗi.

Eugene Ely yana cikin gwanayen wannan zamani. Shi ne ya fara tashi daga kan jirgin ruwa, a watan Nuwamba na 1910, shi ne kuma ya fara sauka a kan jirgin ruwa, ran 18 ga Janairu, 1911, a gaɓar San Faransisko. Mutumin da ya iya ajiye jirgi a kan ɗan dandamalin katako a tsakiyar ruwa ba za a ce masa ɗan koyo ba. Ran 19 ga Oktoba na wannan shekara, a wajen wani baje-koli a garin Macon ta jihar Jojiya, ya kawo sura gaban jama'a, ya makara wajen ɗagowa, jirgin ya daki ƙasa, wuyansa ya karye. 'Yan kallon da aka yi wasan dominsu suka ruga suka yi wawar ɓaraguzan jirgin don ajiye tarihi.

Tun kafin wannan, hukumomi a Turai sun fara gane cewa na ƙasa ma ba su tsira ba. Ran 21 ga Mayu, 1911, wajen buɗe tseren jirage daga Faris zuwa Madrid, wani matuƙi da injinsa ya ba shi wahala ya juyo zai sauka, ya kauce wa ayarin sojan doki, ya faɗa cikin manyan baƙi. Ministan Yaƙi na Faransa, Maurice Berteaux, ya mutu nan take, Firayim Minista Ernest Monis kuwa ya ji mummunan rauni. Makonni kaɗan bayan haka Majalisar Ingila ta yi hanzarin zartar da dokarta ta farko a kan jiragen sama, domin a samu ikon hana matuƙa shawagi bisa taron naɗin Sarki Joji na Biyar. Watau dokar tsawo ta fara ne da kare mai tafiya a ƙasa. Kare matuƙi daga kansa ya zo daga baya.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Amurka ta sayar da dubban jiragen koyo ƙirar Curtiss JN-4 da araha, samarin da aka sallama daga soja suka saya suka bazama ƙauyuka. Su sauka a gonar wani, su yi alkafura bisa gari don jama'a su fito, sa'an nan su ɗauki mai so a zagaya da shi a kan 'yan daloli. Ba lasisi, ba mai duba jirgi, ba mai tambayar tsawo. Sai a 1926 aka yi dokar da ta ɗora wa gwamnatin tarayya nauyin ba matuƙa lasisi, da duba lafiyar jirage, da ƙayyade tsawon da ba a yarda a sauko ƙasa da shi ba. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta kafa Hukumar Jiragen Sama ta Duniya, ita ta buɗe hanyar mayar da irin wannan ƙa'ida ta kowa da kowa.

Douglas Bader

Doka a takarda daban, kiyaye ta daban. Babu labarin da ya fi nuna haka kamar na Douglas Bader, hafsan mayaƙan sama na Ingila. An haife shi a 1910, ya yi makarantar hafsoshi ta Cranwell, aka tura shi Runduna ta 23 a Kenley. Cikin ɗan lokaci ya yi fice wajen alkafura, har aka zaɓe shi ya yi wasa a babban bikin Hendon na 1931 gaban dubban mutane. Jirgin da ya ƙware a kansa shi ne Gloster Gamecock, mara nauyi, mai saurin juyawa. Daga baya aka sauya wa rundunar jirage aka ba ta Bristol Bulldog, wanda ya fi gudu amma ya fi nauyi, kuma yakan zube ƙasa kaɗan in ana mirgina shi. An ba da umarni mai ƙarfi cewa kada kowa ya yi alkafura ƙasa da ƙafa 2,000 ba da izini ba. Hausawa kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Bader bai sauya ba.

Ran 14 ga Disamba, 1931, ya kai ziyara ƙungiyar masu sha'awar tuƙi a filin Woodley, kusa da garin Reading. A cikin hira aka zuga shi ya nuna abin da ya yi a Hendon. Da ya tashi zai koma gida sai ya juyo, ya ratso filin dab da ciyawa, ya fara mirgina jirgin a hankali. Bakin fiffiken hagu ya taɓa ƙasa. A asibitin Royal Berkshire aka yanke masa ƙafafu biyu, ɗaya bisa gwiwa, ɗaya ƙasa da gwiwa. Shekararsa 21. Abin da ya rubuta daga baya a littafin da matuƙi ke lissafa tafiye-tafiyensa bai wuce layi guda ba: ya faɗi yana mirgine kusa da ƙasa, abin bai yi kyau ba.

Sauran labarin sananne ne. An sallame shi daga aiki a 1933, ya koyi tafiya da ƙafafun ƙarfe, ya nace har aka maido shi da aka fara yaƙin Hitila a 1939. Ya shugabanci Runduna ta 242 a yaƙin sararin Ingila na 1940, ya kakkaɓo jiragen Jamus fiye da 20, aka kama shi a watan Agusta na 1941, ya ƙarasa yaƙin a kurkukun Colditz. A 1956 aka yi sinima a kan rayuwarsa, a 1976 Sarauniya ta ba shi lambar girma saboda taimakon naƙasassu. Ba mai musun jaruntakarsa. Amma masu ba da labarin sun saba tsallake ranar Woodley da gudu, kamar wata ƙaddara ce da ta faɗo daga sama don ta share wa jarumi fage. Ga mai nazarin haɗari kuwa ranar nan ita ce dukkan darasin, domin duk abin da zai maimaitu cikin shekaru 90 masu zuwa yana cikinta: gwani wanda ya san shi gwani ne, da jirgin da bai gama sabawa da shi ba, da umarnin da aka taka, da 'yan mutane tsaye a bakin fili suna jiran su gani. Ba domin su ba, da ya miƙe zuwa Kenley.

Abin da Ke Faruwa ga Fiffike

Ba za a gane tarihin nan ba sai an gane yadda jirgi ke tsayuwa a sama. Fiffike yana ɗaukar nauyi ne saboda iskar da ke bin bayansa sumul, yana karkata ta ƙasa. Gwargwadon yadda matuƙi ya ja sanda baya, gwargwadon yadda fiffike ke ƙara ɗaga baki ga iska, ɗaukarsa na ƙaruwa. Amma abin yana da iyaka. In kusurwar da ke tsakanin fiffike da iskar da ke tunkararsa ta wuce kimanin digiri 15 ko 16, sai iska ta kuɓuce daga bayan fiffike ta hargitse, ɗauka ta ragu farat ɗaya, hancin jirgi ya faɗa. Inji yana iya kasancewa yana ruri da dukkan ƙarfinsa, ba ruwan fiffike. Maganin abin mai sauƙi ne, wato a tura sanda gaba a bar jirgi ya gangara har iska ta sake kama fiffike. Kowane ɗalibi, ko a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya wadda aka kafa a 1964, ko a wani wuri, yakan yi wannan sau da yawa tare da malaminsa. Sai dai a can sama suke yi, inda akwai dubban ƙafafu na gangarawa. Maganin yana cin tsawo, kuma wanda ke ƙafa 100 ba shi da abin biya.

Wajen karya kwana abin ya fi muni. Jirgi yakan juya ne ta kishingiɗawa gefe guda, kuma in ya kishingiɗa dole fiffike ya yi aiki biyu, ya riƙe nauyi ya kuma ja jirgin cikin kwana. In kishingiɗar ta kai digiri 60, fiffike yana ɗauke da ninki biyu na nauyin jirgin, gudun da iska ke kuɓucewa kuwa ya ƙaru da kashi 41 cikin 100. Watau jirgin da a miƙe ba ya faɗuwa sai gudunsa ya sauko mil 50 a awa, a cikin irin wannan kwana zai faɗi yana mil 70. In kuma matuƙi ya taka abin karkata wutsiya fiye da kima don ya matse kwanar, fiffike ɗaya zai riga ɗaya saki, jirgin ya kife ya shiga hajijiya, hancinsa ƙasa. Fita daga hajijiya takan ci ɗaruruwan ƙafafu, sau da yawa har dubu. A nan ne ake ganin dalilin ƙafa 500 da ƙafa 1,000, da kuma ƙafa 2,000 da aka gindaya wa su Bader.

Ido ma yakan yi wa matuƙi ƙarya. A can sama ba ya ganin gudun ƙasa, don haka yakan dogara ga agogon gudu da ke gabansa. Kusa da ƙasa kuwa, in ya juya iska ta koma bayansa, sai ya ga itatuwa suna wucewa da sauri fiye da dā, ya ɗauka gudu ya yi yawa, ya ja sanda, alhali gudunsa cikin iska bai ƙaru da kome ba. Sa'an nan ga ƙarancin lokaci. Jirgi mai mil 100 a awa yana cin kusan ƙafa 150 kowane sakan. Wayar lantarki da ta ratsa kwari ko kogi ba ta cika ganuwa ba sai an matso, kuma wanda ya hango ta daga ƙafa 300 sakan biyu ke gare shi, na ganewa da na kaucewa duka.

An daɗe da sanin duk wannan. A 1944 Wolfgang Langewiesche ya buga littafinsa Stick and Rudder, wanda har yau ana karantawa, a ciki kuma akwai babin da Leighton Collins ya rubuta bayan ya bi rahotannin haɗari. Abin da ya gano ya saɓa wa zaton jama'a: ba mutuwar inji ce ke kashe yawancin matuƙan ƙananan jirage ba, kuɓucewar jirgi ce daga hannu a cikin kwana kusa da ƙasa. Matuƙan Alaska har suna suka laƙaba wa wani nau'in wannan haɗari, sunan wata ƙatuwar dabbar dajinsu dangin barewa. Matuƙi ya hango ta, ya sauko, ya shiga kewaya ta a hankali don abokin tafiyarsa ya gani da kyau, idonsa na kan dabba, kwana na ƙara matsewa, gudu na raguwa, har fiffike ya saki. A wata ƙasa ba dabba ba ce, gidan iyaye ne, ko gidan budurwa, ko taron biki. Rahotannin bincike cike suke da jiragen da suka faɗi a gaban ƙofar wanda aka zo gaisarwa.

Masu Cin Abinci Kusa da Ƙasa

Mai sauraro zai iya cewa, ai akwai waɗanda aikinsu ke nan kullum. Gaskiya ne. Tun watan Agusta na 1921, sa'ad da John Macready ya watsa maganin ƙwari daga jirgi bisa wata gonar itatuwa a Troy ta jihar Ohayo, feshi daga sama ya zama sana'a. Mai feshi yakan bi gona 'yan ƙafafu kaɗan bisa amfanin, ya ɗaga a ƙarshen kunya, ya juyo, ya sake sauka, haka tun asuba. Mutanen Barno da Yobe da ƙasar Chadi da Nijar sun san irin waɗannan jirage wajen yaƙi da fara da tsuntsayen janbaki, haka ma Hausawan da suka yi aikin auduga a Jazira ta Sudan. Daga 1974 zuwa 2002 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta aika ƙananan jirage da masu saukar ungulu suna bin koguna a Afirka ta Yamma, har da Gana da Nijar, suna zuba maganin tsutsar ƙudan da ke yaɗa cutar makanta.

Aiki ne mai haɗari, ya kuma ci rayuka da dama, musamman ta karo da waya. Amma duba yadda masu shi suke yi. Kafin ya sauko, mai feshi yakan kewaya gona daga sama, ya ƙirga turakun waya, ya lura da mahaɗar iska da inda rana za ta haske masa ido. Jirginsa ma don wannan aka ƙera shi. Injiniya Fred Weick ya fito da samfurin farko a 1950 a Teksas, daga nan aka samu Piper Pawnee a ƙarshen shekarun 1950: tankin magani a gaba, matuƙi a baya kuma a sama inda yake ganin kome, cikin kejin bututun ƙarfe, ga wuƙaƙen yanke waya a jikin jirgin. Watau sun ɗauka cewa wata rana za a yi karo, suka yi tanadi. Mai feshi yakan yanke shawarar saukowa tun yana ƙasa, da taswira a hannu. Wanda tarihin nan ke magana a kansa kuwa a cikin sakan guda yake yanke ta, sa'ad da ya hango wani yana ɗago masa hannu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma mai bincike ba a nan yake tsayawa ba, sai ya tambaya wa ya kai jirgin wurin, kuma don me.

Safiya Biyu

Da safiyar 23 ga Yuni, 1980, Sanjay Gandhi, ɗan Firayim Ministar Indiya Indira Gandhi, ya tashi daga filin Safdarjung na birnin Delhi a cikin wani jirgi ƙirar Pitts S-2A wanda bai daɗe da zuwa ƙungiyar matuƙa ta birnin ba. Ɗan ƙaramin jirgi ne mai fiffike biyu sama da ƙasa, an ƙera shi musamman don alkafura, yana amsa hannu da sauri ƙwarai, ba ya kuma yafe kuskure. Sanjay yana alkafura bisa birnin jirgin ya kuɓuce masa ya faɗi kusa da unguwar ofisoshin jakadanci. Shi da Kyaftin Subhash Saxena da ke tare da shi duk suka mutu. Shekararsa 33, ɗan majalisa ne mai wakiltar Amethi, kuma kowa ya ɗauka shi zai gaji uwarsa. Da wuya a sami wani haɗarin ƙaramin jirgi da ya juya tarihin ƙasa kamar wannan. Wansa Rajiv, wanda matuƙin jirgin fasinja ne a kamfanin Indian Airlines kuma ba ruwansa da siyasa, shi aka jawo ya tsaya a kujerar Amethi a 1981. Da aka kashe Indira ran 31 ga Oktoba, 1984, Rajiv ya zama Firayim Minista. Akwai kuma tambayar da ya kamata ma'aikacin hukuma ya riƙe: in mai taka dokar tsawo ɗan mai mulki ne, wane jami'in filin jirgi ne zai iya buɗe baki?

Safiya ta biyu ba ta taɓa mulkin kowa ba, amma ta fi nuna wautar abin tsirara. Ran 19 ga Maris, 1982, ayarin mawaƙi Ozzy Osbourne ya yada zango a Leesburg ta jihar Fulorida, kusa da wani ɗan filin jirgi. Direban motar safar ayarin, wanda ya taɓa riƙe lasisin tuƙi amma takardar lafiyarsa ta ƙare, ya ɗauki wani jirgi ƙirar Beechcraft Bonanza ba da izini ba. Ya ɗauki makaɗin jita Randy Rhoads, mai shekara 25, da wata ma'aikaciyar ayarin, ya shiga kawo sura bisa motar da sauran ke barci a ciki. Ya wuce lafiya, ya sake wucewa lafiya. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. A wucewar ƙarshe fiffike ya bugi motar, jirgin ya ratsa itace ya faɗa garejin wani gida ya kama wuta. Su uku ba wanda ya fita.

Sabon Jirgi

Injiniyoyi ba su zauna ba. Fred Weick ɗin nan ya ƙera Ercoupe, wanda aka fara sayarwa a 1940, aka tsara shi yadda ba zai shiga hajijiya ba. Leonard Greene ya kafa kamfani a 1946 don yin ƙararrawar da ke kuka kafin iska ta kuɓuce, yau kuwa da wuya a sami ƙaramin jirgi marar ita. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Cirrus ya fito da jirgi mai laima, wadda in an ja igiyarta takan sauko da jirgin dungum da mutanensa. Wannan laima ta ceci rayuka masu yawa. Amma ita ma tana bukatar tsawo kafin ta buɗe.

Ran 11 ga Oktoba, 2006, Cory Lidle, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Yankees, shi da malaminsa na tuƙi, suka bi kogin da ke gabashin Manhatan a birnin Niyok cikin Cirrus SR20, 'yan ɗaruruwan ƙafafu bisa ruwa. Hanyar kamar lungu ce marar ɓullewa, dogayen gine-gine a gefe, a gaba kuma sararin filin jirgin LaGuardia wanda ba a shiga sai da izini. Dole su juyo. Ba su matsa bakin kogin ba kafin su fara kwanar don su samu fili, ga kuma iska daga gabas tana tura su wajen gine-ginen. Jirgin ya daki wani dogon benen gidajen kwana, dukansu biyu suka mutu. Hukumar binciken haɗari ta Amurka ta ɗora abin a kan rashin shiri da kuskuren auna kwana a wuri matsattse. Daga nan aka hana irin waɗannan jirage bin kogin sai suna magana da hasumiyar masu ba da hanya.

Jirgin ICON A5 ya fi wannan kayan tsaro. Mai kujera biyu ne, yana sauka a ruwa da tudu, an ƙera fiffikensa don ya ƙi hajijiya, a gaban matuƙi akwai agogon da ke nuna masa kusurwar fiffike kai tsaye, ana kuma sa masa laima. Sai dai tallarsa cike take da hotunan jirgin yana shafar fuskar tafki. A watan Mayu na 2017 babban matuƙin gwaji na kamfanin, mutumin da ya san jirgin ciki da waje, yana tafiya ƙasa-ƙasa bisa tafkin Berryessa a Kalifoniya, ya shiga wani kwari da ya zaci mai ɓullewa ne, ya tarar da dutse a gaba, fili bai isa juyawa ba. Ya mutu tare da wani sabon ma'aikacin kamfanin.

Wata shida bayan haka, ran 7 ga Nuwamba, 2017, Roy Halladay, tsohon gwanin besbol mai shekara 40, ya tashi shi kaɗai a sabon ICON A5 ɗinsa a gaɓar Fulorida. Ƙa'idar Amurka ta yi sassauci a bisa ruwa da wuraren da ba kowa: ana iya saukowa ƙasa da ƙafa 500, muddin an nisanci mutum da kwalekwale da gini da wannan gwargwado. Na'urar da ke cikin jirgin ta nuna ya sauko har ƙafa 11 bisa ruwa, ya kuma wuce ƙafa 75 daga gidajen bakin gaɓa. Kwanaki kafin nan ya ratsa ƙarƙashin wata babbar gada. Masu kwalekwale suna ɗaukar hotonsa da wayoyinsu yana miƙewa sama tsaye yana sake kawo sura. A hawan ƙarshe gudu ya ƙare masa, hancin jirgin ya faɗa, ya daki ruwa. Rahoton hukumar bincike na 2020 ya ce ba a sami wata ɓarna a inji ko a sandar tuƙi ba. Ya ɗora haɗarin a kan shawarar matuƙin ta yin wasa mai tsanani kusa da ruwa, alhali akwai magunguna masu taɓa hankali iri-iri a jikinsa. Laimar jirgin kuwa ba a buɗe ta ba.